Kifi Biyar Cikin Hamsin

Ranar Talata da hantsi Sunniva, likitar kifi, ta leƙo ɗakin allura ta yafito Halldis, shugabar masu allura, da hannu. Suka zaga bayan tankuna, inda Sunniva ta jera 'yan kifin salmon hamsin a faranti, kowanne ta farke masa ciki.

"Duba nan," in ji Sunniva. Ta ɗaga hanjin ɗaya da tsinken ƙarfe, sai ga ɗigon rigakafin fari kamar madara, kwance inda ya kamata. "Arba'in da biyar haka suke, lafiya lau. To duba waɗannan."

Halldis ta sunkuya. Uku maganin ya maƙale a tsoka, bai kai ciki ba. Biyu kuwa ko ƙyallinsa babu, sai ɗan tabon allura a fata.

Shekara ashirin da biyu tana yi wa kifi allura, ba sai an yi mata fassara ba. Kifin da allura ta kuskure tsirara za a kai shi teku. Yanzu yana wutsil-wutsil a tanki kamar kowa, amma bari a zuba shi a keji sanyi ya riske shi a can: da shi ƙwayar cuta za ta fara, gyambo ya cinye masa gefe, daga nan ta bi sauran. Tana yarinya ta ga haka da idonta, kafin rigakafin ya zo gaɓar Norway. Ubansu da yayanta Arnfinn suna kwasar matattun kifi da cebur, ana antaya magani buhu-buhu cikin abincin waɗanda suka rage, wari ya hana kowa shanya a tsibirin har tsawon wata.

Oddgeir, manajan gidan renon kifin, ya zo ya tsaya a kansu hannu cikin aljihu. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake shakkarsa.

"Biyar cikin hamsin, Halldis. Ku da ba kwa kuskuren ɗaya cikin ɗari."

"Zan duba allurai. Wataƙila tsini ne ya dakushe."

"Sunniva ta duba. Allurai lafiya, magani lafiya. Hannu ne. Hannun wa?"

"Ka san teburinmu, Oddgeir. Magudana ɗaya ce."

"Na sani. Zuwa Juma'a ki kawo mini suna. In babu suna, duk ku huɗun sai haƙuri, in ɗauko inji. Da ma shekara biyu ke nan mutanen ofis suna damuna da maganarsa, ni nake tare muku."

Maganar magudana kuwa tsohuwa ce. Su huɗu suke zama a teburin ƙarfe, biyu nan biyu can. Kifi na gangarowa a sume daga kwamin maganin barci, kowa ya ɗauka da hagu, ya juya cikin sama, ya soka bindigar allura da dama, ya jefa a magudana ruwa ya tafi da shi tanki ya farfaɗo. A wasu wuraren kowane mai allura da tasa magudanar, don a san kifin wane ne. Arnfinn da ya kafa teburin shekara talatin da suka wuce ya ce shi ba a nan ba: in za a yaba a yabe su tare, in za a zaga a zage su tare. Mu mutanen tsibiran nan muna da wannan hali, muna kuma tinƙaho da shi fiye da kima. Ba ma nuna mutum da yatsa, ba ma cewa wayyo. Sai ka ga mutum ya zo aiki da karyayyen haƙarƙari, ka tambaye shi ya ce maka garau yake, kai ma ka karɓa don tambaya ta biyu rashin kunya ce.

Da gwiwa ta fara damun Arnfinn ya sakar wa ƙanwarsa shugabancin, shi ya koma mai allura kawai, yana zama a ɗaya gefen tebur yana fuskantarta. Kjellaug, daɗaɗɗiyar abokiyar aikinsu, na gefen Halldis. Gefen Arnfinn kuma Daiva, 'yar Lithuania da ta shigo teburin kakar bara.

Halldis ta koma ta kashe famfo ta gaya musu komai, har da Juma'a, har da inji.

"Ni dai ku cire ni," in ji Kjellaug. "Ko mijina na kai wa cokali mai yatsu ba na kuskure, balle kifin da ke barci."

"Mijinki ma ai barcin yake yi tun da ya aure ki," Arnfinn ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Kowa ya ƙara kula, shi ke nan. Kunna famfo, shugaba."

Daiva ce kaɗai ba ta ɗago ba. Ta ƙura wa tebur ido, kunnuwanta sun yi ja. Halldis ta lura, ta ajiye abin a ranta.

Tun daga nan aikin ya daina yi mata daɗi. Hannunta na ɗauka yana sokawa da kansa, ido kuwa yana kan hannuwan mutane. Kjellaug ta sake tabarau watan jiya. Wa ya san ko sabon ya dace da ita? Ita kanta Sunniva ba ta tsira ba. Wa ya ga inda ta ɗebo hamsin ɗin nan? In Oddgeir ya riga ya shirya da masu inji, me zai hana a tsince marasa kyau a jera mata a faranti? Har kanta ta zarga na ɗan lokaci, ta cire allurarta ta ɗaga ta a haske ta mayar. Amma duk inda tunanin ya zaga sai ya dawo kan Daiva.

Yarinyar tana da sauri, saurin da ke ba da haushi. Ta fito daga masana'antar yanka kifi ta tsallaken ruwa, inda ake auna mutum da yawan abin da ya wuce ta hannunsa, kuma Halldis ta daɗe tana ganin bai kamata a ɗauko mutum daga can a ba shi allura ba. Ranar Laraba ta sa mata ido sosai, ta kuwa ga abu. Daiva ba ta tsaya ga kifin gabanta ba. Sai ta miƙa hannu ta janyo na gaban Arnfinn, biyu, uku, ta soke ta jefa, ta sake miƙawa. Haɗama ƙiri-ƙiri, a teburin da ba gasa ake yi ba. Mai wannan gaggawa yaushe zai tsaya ya ji allura ta shiga?

"Daiva, kifin ba guduwa za su yi ba," in ji Halldis.

"To, Halldis."

Ta lafa na minti biyar, ta koma ruwa.

Da aka tashi shan kofi na ƙarfe goma, Halldis ta tsaya wanke bindigarta, ta shiga ɗakin hutu daga baya. Ta tarar da Daiva da Arnfinn a kusurwa wajen rataye riguna suna ƙus-ƙus. Daiva ta danƙa masa wani abu, ya jefa aljihu. Suna ganinta suka yi tsit. Da suka zauna Daiva ce ta buɗe masa butar kofinsa, ita ta kwance masa takardar burodinsa da jan cuku, shi kuwa yana zaune da safar hannunsa yana ba Kjellaug amsa. Abin ya ci wa Halldis rai. Ta san yayanta, mutum ne mai saurin tausayi. Yarinya ta ga ruwa ya ƙare mata, ta je ta laɓe bayan tsohon da ta san babu mai iya ja da shi. Nan da Juma'a zai zo ya ce a rufa mata asiri, ai baƙuwa ce, ai tana da 'ya'ya biyu. Su kuwa ukun da suka tsufa a teburin inji ya maye gurbinsu.

Shi Arnfinn ko da wasa bai faɗo mata a rai ba. Shi ya riƙe hannunta ranar farko ya nuna mata gurbin, ɗan gaba kaɗan da fukafukan ciki, ya ce ta rufe ido ta ji yadda fata ke ba da hanya. Da shi ake auna hannun kowa a tsibirin.

Ranar Alhamis da sassafe ta sami Sunniva a ɗakin gwaji ta gaya mata dabarar da ta yanke. Yau ba za su sha kofi tare ba. Ɗaya-ɗaya za su fita, minti ashirin-ashirin, tebur na ci gaba da aiki. Duk wanda ya fita, Sunniva ta ɗebi kifi talatin a bakin magudana ta bayan bango, inda ba a hangowa. Farantin da ya fito tas, mai kuskuren ne ba ya nan lokacin da aka ɗebe shi.

"Sun sani?" Sunniva ta tambaya.

"Ba su sani ba."

"Halldis, ba gara ki tambaye su ba?"

"Na tambaye su ranar Talata, barkwanci suka mayar da ni. Ke dai ki ɗiba."

A tebur ta ce musu Oddgeir ne ya ce kada famfo ya ƙara tsayawa, an yi latti. Ƙaryar ta fito mata sumul, har ta ji kunyar sauƙinta. Kjellaug ta yi tsaki ta ce shekara goma sha tara ba ta taɓa shan kofi ita kaɗai ba, sai ka ce mai takaba. Arnfinn ya ɗago ya dubi ƙanwarsa, ya mayar da kai.

"Daiva, ke za ki fara," in ji Halldis.

Daiva ta dubi Arnfinn kafin ta tashi. Wannan ma Halldis ta gani.

Da azahar ta zaga bayan tankuna. Faranti huɗu a jere, kowanne da takarda a gindinsa. Ta nufi na Daiva kai tsaye, tana da tabbacin abin da za ta gani.

"Shida marasa kyau," in ji Sunniva. "Shi ya fi kowanne muni. Da Kjellaug ta fita, uku. Da kika fita, uku."

Ba ta faɗi na huɗun ba. Halldis ta bi kifin talatin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kowanne da farin ɗigonsa a gurbi, babu ko ɗaya da ya kauce. Takardar gindinsa an rubuta Arnfinn.

"Kin haɗa farantan."

"Ban haɗa ba."

"Sake ɗiba."

"In kin ce in sake zan sake. Amma ban haɗa ba, Halldis."

Halldis ta sake duban takardar. Tsoro ne ya fara zuwa, fushi ya biyo baya, ba ta ma san da wa take fushin ba. Ta shiga ɗakin allura ta kashe famfo. Ƙarar ruwa ta ɗauke, kowa ya ɗago.

"Arnfinn, cire safar hannunka ta hagu."

"Me ya faru, zobe za ki sa mini? Kin makara, 'yar ƙarama, an riga ki."

"Cire."

Ya dube ta, ya dubi Daiva. Sannan ya ajiye bindigarsa a hankali ya kama bakin safar ya ja. Ta ƙi fita. Ya sake ja, gumi ya karyo masa a goshi. Daiva ta tashi ba tare da an ce mata ba, ta ɗauko almakashi ta tsarga robar tun daga wuyan hannu.

Manuniyarsa ta ninka biyu. Fatar ta ɗame tana sheƙi, kan yatsan ya yi baƙi-baƙi, kumburin ya haura har bayan hannu. Kjellaug ta dafe baki. Da wannan yatsan ake danne cikin kifi ya miƙe kafin a soka. In bai danne ba, allura sai ta zame.

"Yaushe?" in ji Halldis.

"Litinin."

"Litinin da yaushe?"

"Kafin kofi. Kifi ne bai gama suma ba, ya fizge."

Ba sai ta tambayi dalilin ɓoyewa ba. Maganin nan da mai ake haɗa shi, in ya shiga naman mutum ba ya fita da kansa, sai likita ya tsaga ya wanke, da wuri kuma. Shekara takwas da suka wuce Arnfinn ya taɓa sokar babban yatsansa, hannu ya kumbura har kafaɗa, numfashi ya nemi gagararsa. Ita ta kai shi asibiti, a gabanta likita ya ce in ya ƙara ko sau ɗaya, shi da teburin allura har abada.

"Sau uku ina ce masa ya je asibiti," Daiva ta ce da Halldis. "Ya ce in na faɗa, ba shi ba ni. Sai maganin ciwo nake kawo masa."

"Shi ne kike jan kifinsa."

"Ina rage masa ne. Ban iya kwashe duka ba."

"Ni fa na ɗauka ciwon gaɓɓansa ne ya tashi," in ji Kjellaug. "Tsohon banza. Da ka mutu a kan kujerar nan wa zai ɗaga ka, ni da bayana?" Hawaye take yi tana faɗa.

Arnfinn bai kula ta ba. Ƙanwarsa yake kallo.

"Ta yaya kika gane? Magudana ɗaya ce."

Ta gaya masa. Bayan bango, talatin-talatin, faranti huɗu.

"Kofi ɗaya-ɗaya," ya ce, yana gyaɗa kai. "Ashe Oddgeir bai ce komai ba."

"Bai ce ba."

"Ni kika fara fitarwa," in ji Daiva.

"Ke na fara."

Daiva ta kawar da kai. Ta ajiye almakashin, ta ɗauki tsumma ta fara goge gefenta na tebur, wanda ba ya buƙatar guga.

Halldis ta kira asibitin tsallake, aka ce ta kawo shi yanzu, kada ya ci komai kada ya sha komai. Ta naɗe masa hannu da tawul, ta sa shi a mota, suka samu jirgin fito na ɗaya da rabi da ƙyar, su ne na ƙarshe kafin a ɗage gadar shiga jirgin. Ba su hau sama inda mutane ke zama ba, don rabin jirgin sun san su. Suka zauna cikin motar, ƙarfe na kaɗawa a ƙarƙashinsu.

Sun yi nisa kafin ta buɗe baki, da ta buɗe kuwa ba ta rage masa ba.

"Kwana huɗu, Arnfinn. Kifi dubu nawa ka tura haka? Kai da ka kwashi matattu da Baba har cebur ya yi maka kanta?"

"Na san kowanne," ya ce. "In allura ta zame ina ji a hannuna. Ba sai yarinyar nan ta farke mini ciki ta nuna mini ba."

"Ka sani, ka ci gaba."

"Na ce in lallaɓa in kai Juma'a a gama wannan zubin. Sai in ce gwiwa ta gaji, ku yi mini kek, in tafi da ƙafata. Ban so likita ya sallame ni kamar wanda bai iya riƙe allura ba." Ya gyara hannun a cinyarsa, ya cije leɓe. "Kullum da safe sai in ce yau zai saɓe."

"Ka bar Daiva da shi. Ka ga ina kallonta, ka yi shiru."

"Na gani."

Wannan kaɗai ya ce. Ta so ya kare kansa don ta samu abin kamawa, ya ƙi.

Wayarta ta yi ƙara a gaban mota, sunan Oddgeir a jiki. Ta bar ta ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗauka.

"Amsa mana," in ji Arnfinn. "Mutum na jira."

Ta amsa. Muryar Oddgeir ta cika motar.

"An ce kin kashe famfo kin fita. Lafiya?"

"Muna jirgi. Asibiti za mu."

"Wa?"

Ta dubi yayanta. Bai gyaɗa mata kai ba, bai kuma hana ta ba. Bangon jirgin yake kallo. Ta yi tunanin cewa gwiwarsa ce, ta yi tunanin cewa a bari sai gobe. Amma akwai mata biyu da ta baro a ɗaki, ɗaya tana kuka ɗaya tana goge tebur, kuma gobe Juma'a.

"Arnfinn ne," ta ce. "Ya soki yatsa tun Litinin. Hannun da kake nema ke nan."

Oddgeir ya maimaita sunan.

"Arnfinn? Ni fa na gama yankewa baƙuwar nan ce."

"Ba ita ba ce."

"To. Allah ya ba shi lafiya, ki gaishe shi. Ku ukun ku zo gobe da bakwai, ki nemo ta huɗu zuwa mako mai zuwa. Waɗanda aka yi tun Litinin zan zauna da Sunniva mu ga yadda za a yi da su. Maganar inji a bar ta."

Ta kashe wayar. Abin da ta kwana biyu tana nema ke nan, teburi ya tsira, amma ko kusa ba ta ji sanyi a ranta ba. Kunya ce ta rufe ta, da tausayin tsohon da ke gefenta, da haushinsa da bai gama sauka ba.

Jirgin ya fara rage gudu. Direbobin gaba suna saukowa daga sama suna shiga motocinsu.

"Kwana uku ina zaune a gabanki, 'yar ƙarama," in ji Arnfinn a hankali. "Tsakanina da ke faɗin tebur ne kawai. Da kin dube ni kin ce, Arnfinn, kai ne? Da na gaya miki."

Halldis ta juya ta dube shi sosai, karon farko a wannan makon. Fuskarsa ta yi fari, idanunsa sun faɗa, ba kuma da zolaya ya yi maganar ba. Ta nemi ta gane ko gaskiya ya faɗa, ko da ta tambaye shi cewa zai yi garau yake, ta kasa. Shekara hamsin da sanin mutum, ta kasa.

Aka sauke gada. Mai riga ruwan lemo ya yafito su, na bayansu ya danna ham, ta tada mota suka hau tudu.